Hula a Kan Kujera

A Birnin Gwari, in ka ga hula a kan kujera, to kujerar da mai ita. Ko a layin asibiti ne, ko a bencin mai shayi, ko a gaban motar Funtuwa, mutum zai cire hularsa ya ajiye ya tafi uzurinsa, ya dawo ya tarar da wurinsa yadda ya bar shi. Abin dariya ne in ka duba: garin da ake ɗauke mutum sukutum daga gonarsa, amma ba a taɓa hular wani. Abarshi ya taso ya ga ana yin haka, bai kuma taɓa ganin ranar da abin ya ba wani kunya ba.

Shi Abarshi manomi ne, mutumin Unguwar Ɗorawa, wani ɗan ƙauye can bayan Gwaska. Tun da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyen ya dawo cikin gari, ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya bayan tasha, ya tura matarsa da yara wurin iyayenta a Funtuwa, ya zauna da tsohuwarsa. Inna ta haihu da yawa a rayuwarta, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, biyu kawai aka bar mata: Abarshi da ƙanensa Suhaibu. Suhaibun kuwa, ko sunansa ba a faɗi da ƙarfi a gidan.

Suhaibu bakaniken babur ne, kuma Allah ya ba shi hannu. An ɗauke shi a gona tun kafin a ƙone ƙauyen, aka shige daji da shi. Da mutanen dajin suka gane yana iya tayar da mataccen babur, sai suka bar maganar sakinsa, suka riƙe abinsu. Damina ta wuce, rani ya wuce. A cikin wannan tsakanin ne aka shigo Unguwar Ɗorawa a kan babura aka yi abin da aka yi. Daga baya wani da aka sako ya ce ya ga Suhaibu a sansaninsu da sabuwar riga, yana cin nama, har yana dariya. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ba wanda ya tambaya ko akwai bindiga a bayansa lokacin da yake dariyar. Mutanen da suka binne 'ya'yansu ba su da sararin irin wannan tambaya. Suka ce infoma ne, ɗan leƙen asirin 'yan daji, da baburan da ya gyara aka zo musu.

Da Allah ya ba shi sa'a ya sulale ya gudo, bai nufo gida ba, domin ya san na daji suna nemansa, na gari ma suna nemansa. Ya faɗa Suleja, ya samu wani gareji ya laɓe. Daga Abarshi sai Inna, babu wanda ya san yana raye. Waya kuwa ba ta yiwuwa, domin 'yan sa-kai na unguwar, waɗanda wani mai suna Jaji ke jagoranta, sukan tare Abarshi a hanya su karɓi 'yar ƙaramar wayarsa su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka Suhaibu ya aiko da saƙo ta bakin wani direba ɗan Neja wanda bai san kowa a garin ba: ya buɗe wa yayansa Fesbuk da wani suna daban, ya riƙa zuwa shagon kwamfuta ranar kasuwa, a can za su riƙa gaisawa.

Abu ɗaya Suhaibu ya ja masa kunne a kai, shi ne adireshin shafin. Ya ce akwai shafukan bogi da aka gina su sak na gaske, an baza su kamar tarkon ɓera, suna jiran wanda yatsansa zai zame ya buga harafi ɗaya ba daidai ba. Ka zuba musu sunanka da lambar sirrinka, su kwashe, su shige ɗakinka. Abarshi, wanda daga firamare ya koma gona, ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Da yatsa ɗaya yake bugawa, harshe a waje, ya gama ya matso da fuska ya karanta, ya sake karantawa. In zai sa lambar sirri kuwa, sai ya kifa tafin hannun hagu ya rufe na dama. Ta wajen shiga dai, ko ɗan jami'a bai fi shi taka-tsantsan ba. An koya masa shiga, ya kuma iya. Ba wanda ya tuna ya koya masa fita. In ya gama sai ya miƙe kawai, mai shagon ce take zagayowa ta rufe komai a bayansa, shi bai ma san tana yi ba.

Mai shagon sunanta Rebecca, 'yar Gbagyi ce daga wajen Tabanni. Kwamfuta uku gare ta da ke aiki da batirin sola, da injin fotokofi, da firinta, da wani janareta a bayan shago wanda ba ya tashi sai an haɗa da lallashi da zagi.

Akwai kuma Muttaka. Tare suka yi kiwon awaki da Abarshi suna yara, gonakinsu iyaka ɗaya, shi dai Muttaka ya ci gaba da karatu ya zama malamin firamare. Ranar da aka shigo ƙauyen ya rasa matarsa Huraira da 'yarsu. Yanzu ɗakinsa na jikin na Abarshi a gidan hayar. Shi yake ɗora Inna a babur ya kai ta asibiti, shi yake tuna mata lokacin magani, Inna yake kiranta kamar ita ta haife shi. Sunan Suhaibu kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, ba da alheri ba, ba da sharri ba. Abarshi, da yake mutum ne mai son a zauna lafiya, sai ya ɗauki wannan shirun a matsayin yafiya. Masu kirki sun cika yin irin wannan wauta.

Ƙafafun Inna sun kumbura, idonta ya fara hazo, abinci kuma sai an yi da gaske take kai loma biyu. Kullum Abarshi ya dawo daga shagon ya raɗa mata cewa yaron yana lafiya, yana gaishe ta, sai ta girgiza kai.

"Gaisuwar baki ce, Abarshi. Ni dai in ga fuskarsa kafin idon ya ƙarasa rufewa."

Shi ya sa ya ce wa Suhaibu ya ɗauki hoto ya turo, a buga shi a takarda a kawo mata.

Ranar kasuwar da hoton zai zo, shagon ya cika da 'yan makaranta masu neman duba sakamakon jarrabawa. Abarshi ya daɗe a tsaye kafin kujerar lungu ta samu. Ya zauna, ya gyara zama, ya fiddo harshe.

"Baba Abarshi, yau ma sai ka karanta adireshi kamar mai tilawa?" in ji Rebecca, tana wucewa da takardu.

"Ke dai bar ni, 'yar nan. Yatsan manomi bai san ƙanana ba."

Shafin ya buɗe, sai ga hoton. Suhaibu a tsaye jikin bango, rigarsa duk baƙin mai, wuya ya zurma, ga wani tabo a saman gira wanda da can babu shi. Abarshi ya ƙura masa ido. Tun ranar da aka ɗauke yaron bai sake ganin fuskarsa ba, kuma gaskiya ita ce ya yi kewarsa har ba ya son tunawa. Sai ga rubutu ya faɗo a ƙasan hoton, ashe Suhaibu na riƙe da waya a lokacin: "Yaya ka gani? Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi," Abarshi ya buga, harafi bayan harafi. "Za ta ji daɗi."

Ya yafito Rebecca ya ce mata a hankali akwai hoton da yake so a buga. Ta ce firinta ba ta aiki da batiri, sai ta tayar da janareta, ya ɗan jira. Ta ɗauki tsumma ta zagaya baya. Daga nan ya fara jin tana ja, janareta yana tari yana mutuwa.

Ana cikin haka ladanin masallacin tasha ya kira azahar, kuma a daidai lokacin Muttaka ya shigo da takardun makaranta a hannu zai yi fotokofi. Abarshi ya dubi hoton da ke buɗe a gabansa. Ya kai yatsa da sauri ya danna ɗan maɓallin da ke ƙasan gilashin kwamfutar, fuskar ta yi baƙi ƙirin. Sai ya sauke ajiyar zuciya. A wurinsa, abin da ya yi duhu ya rufu.

"A'a, mutumina, kai ma ka zama ɗan zamani?" in ji Muttaka yana murmushi.

"Ina fa. Farashin taki nake dubawa."

"Madalla."

Aka fara tayar da iƙama. Abarshi ya dubi 'yan makarantar da ke tsaye kamar za su cinye kujerar da ido. In ya tashi haka kawai, sai la'asar kafin ya sake samun wuri, ga hoto ba a buga ba. Ya cire hularsa, wata tsohuwar zanna da gumi ya cinye bakinta, ya ɗora a kan kujerar.

"Ba za ka sallah ba?" ya tambayi Muttaka.

"Mu a namu masallacin an riga an idar. Je ka, ina nan."

"To duba min kujerar nan, kada yaran nan su haye."

"Babu mai zama a kanta," in ji Muttaka.

Abarshi ya yi sallarsa kai ba hula, yana jin iska a tsakar kansa, ya roƙa wa Inna sauƙi, ya roƙa wa Suhaibu tsari. Da ya dawo ya tarar da komai yadda ya bari. Hula na nan ko karkacewa ba ta yi ba, gilashi baƙi, Muttaka na jingine da bango da takardunsa a hammata. Janareta ya tashi, Rebecca ta shigo tana goge hannu. Ta yi wa Muttaka aikinsa ya fita, sannan ta zo lungu ta danna maɓallin. Fuskar Suhaibu ta bayyana. Ta dubi hoton, ta dubi Abarshi, ta rage murya.

"Baba, haka ka tafi ka bar shi a buɗe?"

"Na kashe ai."

"Fuska kawai ka kashe. Ciki yana nan a kunne. Kowa ya danna nan zai shiga, zai karanta, zai rubuta da sunanka. Wannan ba kwamfutar gidanka ba ne, na kowa da kowa ne."

"Na bar hulata a kai. Kuma ɗan'uwana na tsaye."

"Hula ba ya rufe Fesbuk, Baba."

Ta nuna masa inda ake dannawa a fita, ta ce sunansa logawut, ta sa ya yi alkawarin ko ruwa zai je sha sai ya danna. Kafin ya danna ya ga wani sabon saƙo ya shigo daga Suhaibu: "Na gode Yaya. Allah ya bar zumunci." Abarshi ya yi murmushi. Yaron nan da godiya yake, ɗan buga hoto kawai. Ya rubuta "Amin," ya fita daga shafin yadda aka koya masa, karo na farko a rayuwarsa. Rebecca ta sa hoton a ambulan ta miƙa masa, ba ta tambaye shi ko wane ne ba. Ya sa hularsa ya tafi gida yana jin ya ƙaru da ilimi.

Inna ta sa ya tura ƙofa, ta matsa wurin hasken taga, ta kai hoton dab da hancinta. Ta daɗe tana shafa tabon da babban yatsa.

"Ya rame," ta ce. "Amma shi ne. Kunnen babanku ne wannan."

Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙarin miya. Ta cusa hoton cikin rigar matashinta. Da yamma Muttaka ya kawo mata lemo, ya zauna a bakin ƙofa ya ɓare mata, yana ba ta labarin shirmen 'yan ajinsa tana dariya. Abarshi ya dube su ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce a zuci ashe dai duniya da sauran mutane.

Kasuwa ba ta sake zagayowa ba abin ya faru. Bayan la'asar ne, Abarshi na zaune a ƙofar gida yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Sai ya lura bencin mai shayi ya cika, alhali mai shayin ko wuta bai hura ba. Wurin mai faci ma akwai mutum uku a tsaye, ba kuwa taya suka kawo ba. Duk yaran Jaji ne. Shi kansa Jajin yana zaune a kan babur a gindin darbejiya, da doguwar bindigarsa ta gida a kan cinya, yana sakace. Ba wanda ya dubi Abarshi, kuma wannan rashin duban ne ya fara tayar masa da hankali.

Sai ya hango wani yana tahowa daga wajen tasha, da baƙar leda a hannu, fuska a buɗe, yana ɗaga wa mutane hannu yana gaishe su da sunayensu. Tafiyar ya fara ganewa, kafin fuskar. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

"Yaya!" in ji Suhaibu, yana murmushin da tsoro bai gama sakinsa ba. "Na same ta? Tana nan?"

Bai kai ga zauren ba suka rufe shi. Ba hayaniya, ba gudu, abu ne da aka shirya. Ɗaya ya riƙe ƙugu, biyu suka murɗe hannaye, leda ta faɗi ƙasa. Unguwa ta fito, maza da mata, yawancinsu mutanen Unguwar Ɗorawa ne da suka dawo gari.

"Ku tsaya, ku tsaya!" Suhaibu yana cewa. "An yi magana da manya! Yayana ya yi magana da manya, an ce ba mai taɓa ni! Yaya, faɗa musu! Ga shi a wayata, ku duba!"

Jaji ya taso a hankali, ya zaro wayar daga aljihun Suhaibu, ya sa ya buɗe, sannan ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji:

"Ƙanena, hoton nan bai isa ba. Inna na kiran sunanka, likita ya ce kwanakinta sun ƙare. Na zauna da manya, sun gane tilasta ka aka yi, sun yafe. Ka taho. Ka sauka a tasha da rana, kada ka rufe fuska, mai rufe fuska shi ake zargi. Kada ka sake tayar da maganar nan a rubuce, ka taho kawai."

Ya juya wayar ya nuna wa Abarshi. Ga saƙon nan a ƙarƙashin sunan da yake shiga da shi, tsakanin "Za ta ji daɗi" da "Na gode Yaya." A kwamfutar shago babu shi, wanda ya rubuta ya goge sawunsa daga can. Abarshi ya ɗaga kai. Muttaka na tsaye a bakin zaure, hannu a baya, kamar yadda yake tsayawa in yara na rubuta jarrabawa.

Jaji ya dafa kafaɗar Abarshi, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida. Da muna zargin bawan Allah nan. Ashe dabara yake yi. Malam Muttaka ya zo ya faɗa mana Abarshi ya ce jinin mutanenmu ya fi masa ɗan'uwa, zai jawo mana shi har gida, ga shi kuwa ya cika. Wanda ya ɓoye infoma, shi ma infoma ne, hukuncinsu ɗaya. Amma wannan namiji ne." Ya matse kafaɗar, ya dube shi cikin ido. "Ko ba haka aka yi ba, Abarshi?"

Suhaibu ya daina kokawa. Ya dubi yayansa, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro.

"Yaya. Ka ce ba kai ba ne."

Kalma huɗu ce, kuma gaskiya ce. Abarshi ya buɗe baki. Ya ga bakin bindigar Jaji, ya ga babur na biyu da aka kafe kusa da na farko, ya tuna tsohuwar da ke ciki wadda ko bayan gida ba ta iya zuwa sai an riƙe ta. In ya ce ba shi ba ne, tambaya ta gaba ita ce tun yaushe suke magana, kuma babura biyu za su tashi maimakon ɗaya. Tsoro ne, kada a yi masa kwalliya, tsoro ne tsagwaronsa, ya samu Inna ya fake da ita. Ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai.

"Allahu akbar," wani tsoho ya ce daga cikin taron. "Allah ya yi maka albarka, Abarshi."

Suka ɗaure hannayen Suhaibu ta baya, suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Mai tuƙin ya taka, babur ya ƙi tashi. Ya sake takawa, ya yi tari ya mutu. Suhaibu, wanda wannan sana'a ce ta hana a kashe shi a daji, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Fulogi ne," ya ce. "In kun kwance ni zan iya gyara muku."

Aka fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Kun ji ko?" in ji Jaji. "Haka yake yi musu."

Aka tura baburin ya tashi, suka bi hanyar da ta nufi daji. Suhaibu bai waiwayo ba. Muttaka ya sunkuya ya ɗauki ledar, ya karkaɗe mata ƙasa. Atamfa ce a ciki da dabino da man zafi na shafa wa ƙafa. Ya shiga da ita cikin gida.

Da Abarshi ya juya, ya ga Inna a ƙasa a cikin zaure. Da gwiwa da hannu ta jawo jikinta tun daga ɗaki, zaninta duk ƙasa. Ta ji muryar ɗanta, ta taho, ba ta kai ba. Ya sunkuya zai ɗaga ta, ta janye hannunta.

Kafin magariba baburin ya dawo da mutum biyu. Ba a yi jana'iza ba, ba a yi zaman makoki ba. Maimakon haka mutane suka yi ta zuwa yi wa Abarshi sannu da ƙoƙari, har wata mata da aka kashe mata 'ya'ya biyu ta aiko masa da dambu. Ya zauna yana amsa "amin" har bakinsa ya bushe.

Washegari da safe ya tarar da Muttaka a bakin rijiya yana wanke babur.

"Na ba ka amanar kujera," Abarshi ya ce. Abin da ya iya fitowa ke nan.

"Na kuwa riƙe," in ji Muttaka, bai ɗago ba. "Ban zauna ba. A tsaye na yi. Hularka ko motsa ta ban yi ba."

"Tilasta shi aka yi, Muttaka. Ka sani."

"Wataƙila. Ranar nan ina kwance a cikin dawa ina jin baburan suna shigowa. Ko ɗaya bai yi tari ba, Abarshi. Duk lafiyarsu ƙalau." Ya matse tsumman. "In kana so, je ka faɗa wa Jaji ni na rubuta. Yana nan gindin darbejiya."

Abarshi bai je ba. Ɗakin Inna ya shiga da kofin kunu, ya durƙusa, ya faɗa mata komai: hular, da maɓallin, da sallar azahar, da wanda ya tsaya a jikin bango. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, hoton na hannunta. Ta bar shi har ya gama.

"Ina zaure ina ji," ta ce. "Ya roƙe ka ka ce ba kai ba ne. Ka yi shiru. Yanzu da ba ya ji za ka zo ka faɗa mini? Har ka ɗora wa yaron da ke ɗawainiya da ni?"

"Inna, wallahi..."

"Ɗauke kofin nan."

Ba ta sha ba ranar. Washegari ma ya dama, ta ƙi. Ya kawo shayi, ya kawo ruwa da magani, ko juyowa ba ta yi ba. Leɓɓanta suka bushe suka tsage, muryarta ta fara shigewa ciki. Abarshi ya ga cewa in aka ƙara kwana a haka, zai haƙa kabarin da bai samu ya haƙa wa ƙanensa ba.

Da hantsi ya sake dama kunun, ya sa tsamiya daidai yadda take so, ya fifita shi ya huce. Ya ɗauki kofin ya wuce ƙofar Inna, ya tsaya a ƙofa ta gaba, ya yi sallama. Muttaka ya ɗaga labule.

"Don Allah," Abarshi ya ce, idonsa a ƙasa, "kai mata. Daga hannunka za ta karɓa."

Muttaka ya dubi kofin, ya karɓa da hannu biyu, ya shiga ɗakin tsohuwar da sallama. Abarshi ya tsaya a waje jikin bango. Ya ji ƙarar cokali a kofi, ya ji ta haɗiya, ya ji ta sake haɗiya. Sannan ya ji muryarta, a dashe amma sarai.

"Allah ya yi maka albarka, Muttaka. Kai kaɗai ka rage mini."